Kamannin Mayaƙan Lugu a Ma'aunin Tarihi

Ma'abota wasannin yaƙi na kwamfuta, waɗanda kan gyara wasa da hannunsu domin ya dace da tarihi, sukan daɗe suna muhawara a kan kamannin sojojin Indiya na zamanin Iskandar, suna kafa hujja da rubutun Ariyan Bagirke, wanda ya siffanta bakansu da tsawon mutum, da kuma sassaƙen duwatsun Sanci da ke Indiya.

Mu a Arewa mun fi su buƙatar irin wannan bincike. A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta faɗa wa Lugu, a yankin Dogondutsi, inda Sarauniya Mangu da maharbanta suka tare ta da baka da kibau masu dafi, alhali abokan gaba na ɗauke da bindigogi. Amma surar Sarauniya da mayaƙanta da yaranmu suka sani ta fito ne daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980, wanda ƙagaggen labari ne, da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso. Dukkansu ayyuka ne masu daraja, kuma su suka kai sunanta duniya. Sai dai mai hikaya yana da izinin ƙawata zance, izinin da mai tarihi ba shi da shi.

Duk wanda zai zana maharbin Lugu, to wajibi ne ya zauna da dattawan Lugu da Bagaji da Matankari, ya bi isnadin riwayarsu game da kwari da garkuwa da layu, sannan ya gwada ta da abin da hafsoshin Faransa irin su Joalland suka rubuta, yana sane da cewa alƙalamin maharin ne.