Launin Taurari da Zafinsu

A Malam Madori ta ƙasar Haɗejiya, in kaka ta wuce, ɗari ya shigo, da almuru akan hangi Kaza da 'Ya'yanta a gabas. Wani tauraro jaja-jaja yana biye da ita, wanda malaman hisabi ke kira Dabaran. Mai kallo yakan zaci jan nan ya fi zafi, da yake a bakin Bahaushe wuta ja ce. Maƙeri ya san ba haka ba ne: ƙarfe yakan fara yin ja, in aka ƙara zuga sai ya koma fari. Haka taurari suke. Zafin fuskar Dabaran bai kai digiri 4,000 ba, na rana kamar 5,500, manyan 'ya'yan Kaza kuwa, farare masu shuɗi-shuɗi, sun haura 10,000.

A 1901 Annie Cannon ta Jami'ar Harvard a Amurka ta kasa taurari aji bakwai: O, B, A, F, G, K, M. Daga baya aka tabbata jerin na zafi ne, O kan gaba. 'Ya'yan Kaza suna B, rana G, Dabaran K. Zara matar wata ba ta cikin lissafin nan. Harshe ya kira ta tauraruwa, amma duniya ce, haskenta aro ne daga rana.