Masu digirin kimiyya da aikin man fetur: Ina ƙofar take?

A kowace shekara jami'o'in Najeriya na yaye dubban ɗalibai a fannonin kimiyya, kuma burin da yawa daga cikinsu shi ne samun aiki a kamfanin mai.

To sai dai masana'antar da ke samar wa ƙasar mafi yawan kuɗaɗen ƙasashen waje ba ta ɗaukar ma'aikata gwargwadon arzikinta, domin kuwa aikin haƙo mai ya fi dogara da jari da injuna a kan yawan hannaye. Don haka ƙofar ƙunci gare ta, kuma wanda ya san abin da ake nema ya fi kusa da shiga.

Su wa ake nema?

Ba injiniyoyi kaɗai ke aiki a fannin ba. Kafin a haƙa rijiya, masana duwatsu da masana fiziks ne ke aika girgiza cikin ƙasa, su nazarci amsa-kuwwar da ta dawo, don gano inda mai ya taru.

Masu lissafi da kwamfuta kan ƙiyasta yawan man da yadda zai gudana. Masana sinadarai na haɗa taɓon da ke sanyaya bakin injin haƙa tare da danne ƙarfin iskar da ke cikin rijiya, su ne kuma ke gwada ingancin fetur da kananzir a matatu. Masana halittu da muhalli kuwa ana buƙatarsu wajen tsabtace wuraren da mai ya malala, kamar yankin Ogoni.

Hanyoyin shiga

Manyan kamfanoni kan ɗauki sababbin masu digiri bayan sun kammala bautar ƙasa, ta hanyar jarrabawa, kuma galibi sukan ƙayyade shekaru da matakin digiri. Amma guraben sun fi yawa a kamfanonin da ke yi musu kwangilar haƙa da gwaje-gwaje.

Asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973, na ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu da na uku a fannonin da suka shafi mai. Akwai kuma Jami'ar Albarkatun Mai ta Tarayya da ke Effurun a jihar Delta, wadda aka kafa a 2007. Wata doka ta 2010 ta tilasta wa kamfanoni fifita 'yan ƙasa wajen ɗaukar aiki.

Kusa da gida

Tun da aka gano mai a Oloibiri a 1956, yankin Neja Delta ne cibiyar aikin, yayin da arewa ba ta da abin nunawa sai matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, wadda ta shafe shekaru ba ta aiki yadda ya kamata.

Lamarin ya fara sauyawa. A 2020 aka soma shimfiɗa bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, a 2022 kuma aka ƙaddamar da aikin Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe. A Nijar, an buɗe matatar Damagaram a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana.

Amma ƙaddamar da aiki daban, ɗaukar ma'aikata daban.

Abin lura

Aikin mai na tafiya ne da farashi. Lokacin da ganga ta faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, kamfanoni sun sallami ɗimbin ma'aikata a faɗin duniya. Ƙungiyoyin ƙwadago na PENGASSAN da NUPENG sun daɗe suna kokawa kan yawaitar ma'aikatan wucin gadi.

Saboda haka ƙwarewar da ta fi riƙe mai ita, ita ce wadda za ta yi amfani a wajen rijiyar mai: masanin duwatsu na iya komawa neman ruwa ko ma'adinai, masanin sinadarai kuma ya koma masana'antar taki ko siminti.