Kamfanin cinikin kirifto: a wace ƙasa ɗan Gure zai yi rajista, kuma nawa arahar ke ci?

Canjin kuɗi tsohuwar sana'a ce a Gure da sauran garuruwan da ke kan babbar hanyar Damagaram zuwa Difa. Fatake na kai dabbobi kasuwannin arewacin Najeriya su dawo da naira, ita kuma nairar sai an mayar da ita sefa kafin a yi wata hidimar da ita. A ƴan shekarun nan wani sabon kaya ya shigo sana'ar, wato kuɗin kirifto, musamman USDT, wanda kamfanin Tether ya ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da rufe iyaka da takunkumin da suka biyo bayan 26 ga watan Yulin wannan shekara, sun ƙara wa mutane sha'awar duk wata hanyar aika kuɗi ta wayar salula.

Matashin da ya saba sayen USDT yana sayarwa daga wayarsa, idan ciniki ya kankama, yakan fara tunanin kafa kamfani. A nan ne tallace-tallacen Facebook da WhatsApp ke tarar sa, suna yi masa alƙawarin rajista a Amurka, ko Estoniya, ko tsibiran Seychelles, cikin ƴan kwanaki kuma a farashi mai sauƙi. Kafin ya tura ko dala, akwai abubuwan da ya kamata ya sani.

Takardu biyu ne

Takarda ta farko ita ce rajistar kamfani. Aikinta kamar na takardar haihuwa ne: tana shaida cewa kamfani mai suna kaza ya wanzu, ga adireshinsa, ga masu shi. Ta biyu ita ce lasisi, mai kama da takardar tuƙi: ita ke ba kamfanin damar karɓar kuɗin jama'a, ya adana, ya canza. Arahar da dillalai ke tallatawa kusan kullum ta takardar farko ce.

A jihar Wyoming ta Amurka, dala 100 ake biyan hukuma a yi rajistar ƙaramin kamfani. Amma mai son juya kuɗin mutane a Amurka sai ya kai sunansa hukumar FinCEN, sannan ya nemi lasisi a akasarin jihohin da zai yi aiki, kowace da sharuɗɗanta. Ita kanta FinCEN ta sha faɗa cewa shigar da suna a kundinta ba shaidar amincewa da kamfani ba ce. A Ingila ma ana buɗe kamfani ta intanet da kuɗi kaɗan, sai dai tun watan Janairun 2020 wajibi ne mai sana'ar kirifto ya samu rajistar hukumar FCA, kuma akasarin waɗanda suka nema ko dai an ƙi su ko sun janye da kansu.

Rashin sanin wannan bambanci ya jawo wa mutane asara a maƙwabta. Lokacin da dandalin CBEX ya rushe a Najeriya a watan Afrilun 2025, ya tafi da ajiyar dubban mutane. Masu tallata shi sun riƙa nuna takardar rajistar kamfani don kwantar wa jama'a hankali, alhali hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ce ba ta taɓa ba shi izini ba.

Ƙasashen da araharsu ta ƙare

Estoniya ce ta fi yin suna. Daga 2017 ta riƙa ba da lasisin kirifto a kan ƴan ɗaruruwan yuro, kamfanoni suka yi ta kwarara, da yawansu ba su da ko kujera a ƙasar. Da hukumomi suka ga ana fakewa da sunan ƙasarsu ana damfara da halasta kuɗin haram, sai suka soke lasisi fiye da 1,000 a 2020. A watan Maris na 2022 suka ɗaga jarin da ake buƙata zuwa yuro 100,000 ga mai canji da ajiya, da yuro 250,000 ga mai aika kuɗi, kuɗin neman lasisi kuma ya koma yuro 10,000. Zuwa watan Mayun 2023 kamfanoni kusan 100 ne suka rage. Lituwaniya ta bi sahu: inda a da yuro 2,500 ke isa, daga watan Nuwamban 2022 sai da yuro 125,000.

Yanzu ma zancen ya wuce ƙasa ɗaya. Tun 30 ga Disamban 2024 dokar MiCA ta Tarayyar Turai ta fara aiki gaba ɗaya a ƙasashe 27. Ta kasa jarin gida uku gwargwadon irin aikin: yuro 50,000, da 125,000, da 150,000. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, lissafin a fili yake: kusan miliyan 33, miliyan 82 da miliyan 98 na sefa. Ban da wannan, dole kamfani ya kasance da ofishi a ɗaya daga cikin ƙasashen, kuma aƙalla darakta ɗaya ya zama mazaunin Tarayyar.

Tsibiran da aka sani da sassauci su ma sun ɗaure. Moris ta fara aiki da dokarta a watan Fabrairun 2022, tsibiran Virgin na Birtaniya a Fabrairun 2023, Seychelles kuma daga 1 ga Satumban 2024, inda ta wajabta lasisi da ofishi da darakta mazaunin ƙasar. Dubai, wadda ƴan kasuwar Nijar suka sani sarai, ta kafa hukumar VARA a watan Maris na 2022. A can, mai son buɗe dandalin canji yana biyan dirhami 100,000 na neman lasisi da dirhami 200,000 duk shekara na sa ido, kafin a zo ga jari da hayar ofishi da albashi.

Dalilin wannan sauyi ɗaya ne. Hukumar GAFI mai yaƙi da halasta kuɗin haram a duniya ta gyara shawararta ta 15 a 2018, ta kuma fayyace ta a 2019: kowace ƙasa ta yi wa masu sana'ar kirifto rajista ko lasisi, ta tilasta musu sanin abokan cinikinsu da adana sunan mai aikawa da mai karɓa. Ƙasar da ta yi sakaci tana iya faɗawa jerin waɗanda ake sa wa ido, abin da ke wahalar da bankunanta. Shi ya sa ƙasar da ke da araha bana takan tsaurara baɗi.

Doka na bin abokin ciniki

Babban kuskuren da ake yi shi ne zaton cewa takardar wata ƙasa laima ce. Hukumomi na duba inda mutanen da ake yi wa aikin suke, da irin kuɗin da ake taɓawa. Kamfanin BitMEX a Seychelles ya yi rajista, amma da yake yana karɓar Amurkawa, hukumomin Amurka sun tuhume shi a watan Oktoban 2020, a 2021 kuma ya amince ya biya dala miliyan 100. Binance, wanda ya fi kowane dandali girma a duniya, ya ga irin haka a Najeriya: an tsare jami'ansa biyu a Abuja a watan Fabrairun 2024, a watan Maris ya daina hulɗa da naira, ɗaya daga cikin jami'an, Tigran Gambaryan, bai samu fita ba sai a watan Oktoba.

Don haka wanda ke zaune a Gure, yana karɓar sefa daga mutanen Gidigir ko Damagaram ta NITA ko Amana ko Al Izza, dokar Nijar ce a kansa, ko da takardar kamfaninsa daga wane tsibiri ta fito.

Me dokar gida ta tanada?

Buɗe kamfani a Nijar na bin dokokin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993. Ana samun lambar RCCM ta kundin ƴan kasuwa da lambar NIF ta haraji, kuma Maison de l'Entreprise da ke ƙarƙashin zauren ƴan kasuwa ta haɗa hidimar a wuri ɗaya. Gyaran da aka yi wa dokar kamfanoni a watan Janairun 2014 ya ba kowace ƙasa damar rage jarin SARL daga sefa miliyan 1, Nijar kuma tana cikin waɗanda suka rage. Kamfanin SA dai sai da miliyan 10. Ta fuskar takardar farko, gida ya fi kusan ko'ina sauƙi.

Takarda ta biyu ce mai nauyi. Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025 amma tana nan cikin UEMOA, don haka ƙa'idojin babban bankin BCEAO da ke Dakar na aiki a kanta. Kirifto ba kuɗin da doka ta wajabta karɓa ba ne a yankin. Sefa kaɗai ke da wannan matsayi. Dokar bai ɗaya ta yaƙi da halasta kuɗin haram da majalisar ministocin yankin ta amince da ita ranar 31 ga Maris 2023 ta ambaci masu sana'ar kadarorin intanet da suna, ta ce ba mai yin wannan sana'a sai da izinin hukuma tukuna, kuma wajibi ne su riƙa sanar da CENTIF duk wata mu'amalar da suke zargi. Lambar RCCM ba ta maye gurbin wannan izini.

Akwai wata ƙa'ida da dillalan intanet ba sa ambata. A tsarin hulɗar kuɗi da ƙasashen waje na UEMOA, mazaunin yankin da zai zuba jari a wata ƙasa da ke wajen yankin, ko ya buɗe asusun banki a can, sai ya nemi izinin ministan kuɗi. Kafa kamfani a Dubai ko Estoniya zuba jari ne a waje. Wanda ya yi shi a ɓoye ya fara sana'arsa da karya doka.

Najeriya fa?

Ga ɗan Gure, Najeriya ce ƙasar waje mafi kusa kuma mafi ma'ana, tunda ana yawan ciniki da naira. Babban bankin ƙasar, CBN, ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto ranar 5 ga Fabrairun 2021, ya janye haramcin a watan Disamban 2023. A watan Agustan 2024 SEC ta ba kamfanonin Busha da Quidax amincewar farko, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar ƙarara. Hanya a buɗe take, sai dai ba ta ƙaramin ɗan kasuwa ba ce: ƙa'idojin watan Mayun 2022 sun nemi dandalin canji ya ajiye jarin naira miliyan 500 ya biya miliyan 30 na rajista. Kuma lasisin Najeriya na aiki ne a Najeriya, ba ya halasta karɓar sefa a Nijar.

Lissafin da ya kamata a yi

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Kuɗin rajista shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Bayansa akwai kuɗin wakili da na adireshi da ake sabuntawa duk shekara, da lauya, da mai binciken lissafi, da jami'in da ke tantance abokan ciniki, da manhajar tantancewar. Sai kuma banki: bankuna da yawa ba sa buɗe wa kamfanin kirifto na tsibiri asusu, balle idan mai shi na zaune a wata nahiya. Kamfanin da ba shi da asusu, takarda ce kawai a cikin jaka. Haraji ma ba ya gushewa, domin hukumomin haraji kan duba inda ake tafiyar da kamfani da inda aka samu ribar.

Saboda haka tambayar wace ƙasa ta fi araha ita ce ta ƙarshe. Kafin ta akwai huɗu. A ina abokan ciniki suke? Wane kuɗi za a karɓa, sefa ko naira ko dala? Kamfanin zai riƙe dukiyar mutane ne, ko da kuɗin mai shi kaɗai zai yi ciniki? Wane banki ne ya yarda a rubuce zai buɗe asusun? Tambaya ta uku ce ta fi sauya lissafi, domin wanda ya karɓi ajiyar ko mutum ɗaya ya shiga sahun masu yi wa jama'a hidima a akasarin dokokin nan.

Ga wanda jarinsa bai kai gomman miliyoyi ba, abin da ya fi dacewa shi ne ya yi rajistar kasuwancinsa a gida, ya rubuta wa ma'aikatar kuɗi ko reshen BCEAO ya nemi amsa a rubuce kan aikin da yake son yi, ya kuma guji riƙe kuɗin kowa har sai izini ya zo hannu. Koyar da mutane, ko rubuta manhaja, ko yi wa kamfani mai lasisi aiki, duk ƙofofi ne da ba sa buƙatar miliyan 82.

Mai ajiya ma da nasa rabon a wannan zance. Kamfanin FTX na da rajista da lasisi a Bahamas lokacin da ya durƙushe a watan Nuwamban 2022, shugabansa Sam Bankman-Fried kuma ya samu hukuncin shekara 25 a 2024, amma masu ajiya sun yi shekaru suna jiran kotu. Idan mai lasisi ya yi haka, ina ga wanda takardar rajista kaɗai gare shi? Duk wanda aka nuna wa takarda mai tambarin wata ƙasa, ya tambayi sunan hukumar da ta ba da lasisin, ya duba sunan kamfanin a shafin hukumar da kansa, sannan ya tambayi kansa a wace kotu zai kai ƙara idan kuɗin suka maƙale. Idan amsar tsibiri ce a tsakiyar teku, kuɗin jirgi kaɗai na iya fin abin da ya ajiye.