Raya Tarihi a Aikace: Hawan Sarki da Zaman Gida a Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata hanya ta nazarin tarihi wadda ba ta tsaya ga karatun littattafai kaɗai ba, watau mutane su sa tufafin wani zamani da ya shuɗe, su zauna a irin gidajensa, su dafa irin abincinsa da irin kayan aikinsa, na kwana ɗaya ko na mako guda, don su ɗanɗana yadda rayuwa take a wancan lokaci, su kuma nuna wa 'yan kallo. A cikin wannan maƙala za a kira wannan hanya da sunan "raya tarihi". Manufar maƙalar ita ce ta bayyana asalin wannan hanya, ta nuna cewa ƙasar Kano tana da irin nata tun da daɗewa, sannan ta duba abin da ake bukata in ana son a raya zaman gida na zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) a karkara irin ta Bacirawa, wadda take arewa da birnin Kano.

2.0 Asalin Raya Tarihi a Turai

A shekarar 1891 wani malami mai suna Artur Hazelius ya buɗe gidan tarihi na Skansen a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin. Ya lura cewa masana'antu suna cinye rayuwar karkara, saboda haka ya riƙa ɗebo tsofaffin gidajen manoma daga sassan ƙasar yana sake kafa su a fili ɗaya, aka kuma zuba mutane a ciki sanye da tufafin gargajiya suna gudanar da ayyukan gida. A shekarar 1966 aka kafa ƙungiyar Society for Creative Anachronism a garin Berkeley na Kalifoniya, wadda 'ya'yanta suke kwaikwayon rayuwar Turai ta kafin ƙarni na 17. A Faransa kuwa, tun shekarar 1997 ake gina wata fada a Guédelon da dabarun ƙarni na 13, inda masassaƙa dutse da maƙera suke aiki da hannu, dawakai kuma suke jan kaya.

Masu wannan harka sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda suka fi son fagen fama, watau sulke da takobi da sukuwa, kuma su ne suka fi jan 'yan kallo. Akwai kuma waɗanda suka duƙufa kan madafa da ɗakin saƙa. Kashi na biyun nan ne ya fi amfanar manazarci, domin yana amsa tambayoyin da marubutan da ba su damu da su ba, alal misali yawan itacen da girkin yini guda yake ci, da tsawon lokacin da kaɗin zaren riga ɗaya yake ɗauka, da adadin hannuwan da gida yake bukata kafin a ci tuwon dare.

3.0 Raya Tarihi a Ƙasar Kano

Babban misalin raya tarihi a Kano shi ne hawan Salla. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe yana kallon tarihin ƙarnoni daban-daban a jere. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kananeji (1390-1410). Ya danganta kakaki da figini da takalman gashin jimina ga Rumfa. 'Yan bindiga kuwa sai a zamanin Babba Zaki (1768-1776) suka zama masu tsaron sarki. Daga baya Turawan mulki suka ari wannan al'ada suka yi mata nasu fasali, suka shirya wa Yariman Ingila hawa a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, aka kuma sake yin gagarumin hawa a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun duniya da aka gada.

Karkarar arewacin birni tana da rabonta a cikin wannan. Garin Fanisau, wanda yake Ƙaramar Hukumar Ungogo tare da Bacirawa, ribaɗi ne na zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819-1846), kuma a can ne matafiyin nan Hugh Clapperton ya sami sarkin a 1824 yana fama da tawayen Ɗantunku. Hawan Fanisau da aka saba yi cikin kwanakin Salla yana maimaita wannan fita ta sarki daga birni zuwa sansaninsa.

Ban da hawa, Hausawa suna da wasannin kwaikwayon rayuwa. A wasan gauta matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa. A kalankuwa samarin ƙauye sukan naɗa nasu sarki da alƙali da sauran masu muƙami bayan an kawar da amfanin gona. Yara mata kuma sukan yi tuwon ƙasa da bikin 'yartsana, inda suke koyon girki da al'adun aure. Sai dai duk waɗannan suna kwaikwayon zamanin da ake ciki ne. Gidan Makama da Gidan Ɗanhausa suna adana kayan aikin gida na da, amma a ajiye suke ba a aiki da su. Abin da ya fito fili shi ne an raya tarihin fada da na mayaƙa, an bar tarihin tsakar gida, wanda galibinsa a hannun mata yake.

4.0 Dalilin Zaɓen Bacirawa

Bacirawa tana cikin yankin nan mai cunkoson jama'a da ya kewaye birnin Kano, wanda M. J. Mortimore da J. Wilson suka yi nazarinsa a 1965, Polly Hill kuma ta duba wani ɓangarensa a Ɗorayi cikin littafinta na 1977. Siffar yankin ita ce ana noma gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, abin da yake riƙe ta shi ne taki. Jakuna sukan kai itace da hatsi birni, su komo da taki da tokar gidaje. Manomi ba ya sare ɗorawa ko kuka ko tsamiya ko gawo da ke cikin gonarsa, domin kowace tana da aikinta a tukunya ko a garke. Gidaje a warwatse suke cikin gonaki, kowane da rumbunansa da turken dabbobinsa, maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suna noman gandu, kowa kuma yana da gayaunarsa.

Wannan tsari ya haɗa gida da gona da kasuwar birni. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya yaba da cewa sana'ar tufafi ta ƙasar a cikin gidaje ake gudanar da ita, ba ta raba mutum da iyalinsa. Yau birni ya riga ya iso Bacirawa, an yanka gonaki da dama an mai da su filayen gini, injin niƙa ya maye gurbin dutse, roba da tasa sun kori ƙwarya da akushi. Tsofaffin matan da suka tashi da mazari a hannu suna ƙarewa, kuma abin da suka sani a hannuwansu yake, ba a rubuce ba.

5.0 Madafar Zamanin Rumfa

Kuskuren farko da mai raya tarihi zai iya faɗawa ciki shi ne ya ɗauka rayuwar kakarsa ita ce rayuwar ƙarni na 15. Rumfa ya rasu a 1499, shekara bakwai kacal bayan Kolumbus ya isa nahiyar Amurka a 1492. Saboda haka duk tsiron da asalinsa daga can yake bai shigo madafar Kano ba tukuna. Wannan ya haɗa da masara da rogo da gyaɗa da dankali da gwanda da tumatir da barkono da taba. Ke nan babu ƙuliƙuli, babu man gyaɗa, babu jar miya. Gyaɗar da ta zama alamar Kano ba ta bunƙasa a matsayin hajar fitarwa ba sai daga 1912, bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911.

Abin da yake akwai shi ne gero da dawa da wake da riɗi da gujiya, watau ƙwaruru. Ana miya da kuka da kuɓewa da yakuwa, a ɗanɗana ta da daddawar kalwa, yaji kuwa daga masoro da kimba yake fitowa. Zaƙi daga zuma yake, maiƙo daga man shanu da man riɗi da na kaɗanya. Littafin Leo Africanus, wanda aka buga a 1550, ya ambaci yalwar hatsi da shinkafa da auduga a lardin Kano. Tarihin Kano ya ce gishiri ya wadata a ƙasar Hausa a zamanin Yakubu (1452-1463), an kuma buɗe hanyar Gwanja, inda goro yake fitowa, a zamanin Abdullahi Burja (1438-1452). Kuɗin wuri ma, in ji littafin, sai a zamanin Sharefa (1703-1731) suka shigo, don haka bai dace a nuna matar zamanin Rumfa tana ƙirga wuri a kan faifai ba.

6.0 Aiki da Kalmominsa

Fa'idar raya zaman gida ga mai nazarin harshe babba ce. Tsakanin damin gero da malmalar tuwo akwai matakai masu yawa, kowane da sunansa: sussuka, shiƙa, surfe, bakace, wanki, niƙa ko daka, tankaɗe, talge, tuƙi, kwasa. Tsakanin auduga da zane akwai gurza, shiɓa, kaɗi, wadari, saƙa da rini. Kayan aikin su ma haka, daga turmi da taɓarya da dutsen niƙa da ɗansa, zuwa muciya da maburgi da mara da madambaci, har ƙyastu da ake kunna wuta da shi kafin zuwan ashana. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara irin waɗannan kalmomi da yawa, amma ƙamus yana ba da ma'ana ne a taƙaice. Ɗalibin da bai taɓa riƙe faifai ba da wuya ya bambance shiƙa da bakace, ko ya gane abin da ya sa ake kiran zare mai kauri abawa. Haka kuma karin magana da waƙoƙin niƙa da na daɓe sun dogara ne kan waɗannan ayyuka, lugude kuma shi ne yake ba waƙar daka kiɗanta. In aikin ya mutu, malami zai koma yana fassara wa ɗan Bahaushe Hausa.

7.0 Matsalolin da Za a Kiyaye

Matsala ta farko ita ce ta kulle. Tarihin Kano ya ce Rumfa ne ya fara shi, amma wannan magana ce ta fada. Bazuwarsa cikin karkara abu ne na baya-bayan nan, wanda M. G. Smith ya danganta da ƙarewar bauta, Polly Hill kuma ta nuna yadda rijiyoyin cikin gida da jakunan dako suka sauƙaƙa shi. Ba daidai ba ne a ɗora kullen ƙarni na 20 a kan manomiyar ƙarni na 15.

Ta biyu ita ce ta addini. Musulunci ya kafu a fadar Kano ta hannun Wangarawa a zamanin Yaji (1349-1385), amma ya ɗauki ƙarnoni kafin ya game ƙauyuka, kamar yadda wanzuwar Maguzawa ta shaida.

Ta uku ita ce ta bauta. Bayi sun ɗauki kaso mai yawa na noma da niƙa da ɗebo ruwa a gidajen masu hali. Mohammed Bashir Salau ya wallafa littafi a 2011 kan gandayen bayi na Fanisau, labarin Baba na Karo da Mary Smith ta buga a 1954 kuma cike yake da zancen rinji. Nunin da ya ɓoye wannan don kada a ɓata wa 'yan kallo rai ya zama ado kawai.

Ta huɗu ita ce ta hujja. Ya kamata a raba abin da za a nuna gida uku, a kuma sanar da mai kallo matsayin kowane: abin da rubutu ko tonon ƙasa ya tabbatar, abin da aka ɗauko daga bakin tsofaffi, da abin da aka cike da ƙiyasi. Tunawar tsohuwar da take raye yau ba ta wuce tsakiyar ƙarni na 20 da abin da ta ji daga kakanninta ba, don haka matakala ce ta komawa baya, ana hawanta da taka tsantsan.

8.0 Kammalawa

An ga cewa raya tarihi ba baƙon abu ba ne a Kano, sai dai ya karkata ga doki da kakaki. Gyaran wannan ba ya bukatar dukiya mai yawa. Gida ɗaya na ƙasa mai zaure da rumbu da madafa, da 'yar gona mai ɗorawa da kuka, ya isa a fara, kuma gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos ya riga ya nuna cewa ana iya sake gina irin waɗannan wurare. Sassan Hausa da na tarihi a Jami'ar Bayero suna iya tura ɗalibansu su yi aikin da hannunsu a ƙarƙashin tsofaffin mata na Bacirawa da maƙwabtanta, su auna lokaci da itace da ruwa, su naɗi kalmomi da waƙoƙi a daidai lokacin da ake aikin. Gini da kayan aiki ana iya samar da su ko yaushe, amma malaman da za su koyar da aikin shekarunsu sun ja, saboda haka da su ya kamata a fara.