Me ya haɗa ɗan Arewa da kuɗin binciken ruwan teku?

Ni ɗan Betso ne, a ƙasar Mubi. Ko kogin Yedzaram da ya ratsa Mubi arewa ya nufa, wajen Tafkin Chadi, ba ruwansa da teku. Amma mu da neman abinci ya kawo Legas da Fatakwal da Kalaba, teku maƙwabcinmu ne, kuma da yawanmu daga cikinsa muke ci: masu sarin busasshen kifi, da masu loda jatan lande daga Oron zuwa Arewa, da 'yan dako da direbobi. Shi ya sa nake ganin maganar kuɗin binciken sinadaran teku ta shafe mu.

To, wai mene ne binciken? Aune-aune ne. Masana kan ɗebo ruwa daga wurare daban-daban su duba gishirinsa, da yawan iskar da kifi ke shaƙa a ciki, da gubar ƙarafa irin su dalma, da ɓurɓushin ɗanyen mai, da kuma tsaminsa. Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da injuna da masana'antu ke fitarwa, kuma idan ta narke a ruwa sai ta ƙara masa tsami. Daga farkon zamanin masana'antu zuwa yau, tsamin saman teku ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Halittu masu ɓawo, irin su kawa da dodon koɗi na ruwa, su ne ke fara jin jiki, domin gina ɓawon yana yi musu wuya.

Mun ga amfanin awo a farkon shekarar 2020, lokacin da matattun kifaye suka cika gaɓar teku a jihohin Delta da Bayelsa da Ribas. Jama'a suka zargi malalar mai, amma hukumar NOSDRA ta ce gwajinta bai nuna mai ne sila ba. Matsalar a nan ita ce, idan ba a san yadda ruwan yake ba kafin abu ya faru, da me za a kwatanta? Ɗan kasuwar da ba ya rubuta lissafin jiya ba zai gane asarar yau ba.

Nan ne kuɗi ya shigo. Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma tun 1975 take da cibiyar binciken teku, wato NIOMR, a Victoria Island. Cibiyar na da jirgin ruwa na bincike mai suna Bayagbona. Sai dai jirgi na shan mai, na'urori na buƙatar gyara, kuma awon da aka yi bana aka tsallake baɗi bai cika amfani ba. Wannan aiki kuɗin da ba ya yankewa yake so, ko da kaɗan ne, fiye da tallafin shekara biyu da zai zo daga waje ya wuce.

Ƙarancin ma ba namu ba ne mu kaɗai. Rahoton UNESCO na 2020 ya nuna cewa, a matsakaici, kashi 1.7 cikin 100 ne kawai na kuɗin binciken ƙasashe ke zuwa ga ilimin teku. Ga kuma darasin ƙasar Ogoni: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce ana buƙatar dala biliyan 1 don shekaru biyar na farko na tsabtace yankin. Rigakafi dai ya fi magani.

A watan Agusta na 2023 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar harkokin teku. Ya kamata ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwar kifi su riƙa tambayar 'yan majalisa nawa aka ware wa binciken teku a kasafin kuɗi, kuma nawa aka saki. Yaranmu da suka tashi a kudu kuwa, su sani ana karanta ilimin teku a Jami'ar Legas da Jami'ar Kalaba. Babu abin da ya hana ɗan Mile 12 ko Agege zama mai awon.