Ƙaramin akwatin ajiya da ke iya ɗaukar shafin intanet daga cikin gida

A wasu ofisoshi da shagunan buga takardu na Yamai, Maraɗi da Damagaram, akan ga wani ƙaramin akwati kusa da na'urar wifi, ana tara hotuna da takardu a cikinsa. Masana na kiransa NAS. Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, akwatin nan kwamfuta ce cikakkiya, sai dai ba ta da allo. Galibi manhajar Linux ce a cikinta, don haka tana iya ɗaukar shafin intanet kamar yadda manyan kamfanoni ke yi da kuɗin haya.

Dabarar ta daɗe. A 2004 kamfanin Linksys na Amurka ya fitar da NSLU2, wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce megabait 32 ba, amma masu sha'awa suka sa masa Debian, suka mai da shi mai raba shafuka. A yau abin ya yi sauƙi: a na'urorin Synology, ana saka manhajar Web Station, a zuba fayilolin shafin, shi ke nan.

A cikin gida ko makaranta, duk wanda ya hau wifi ɗin zai buɗe shafin ko da babu intanet. Da manhajar Kiwix ma, ɗalibai na iya karanta Wikipedia ba tare da kashe ko dala wajen sayen data ba. Nan ne amfaninsa ya fi fitowa.

Wahalar tana farawa ne idan ana son mutanen waje su gani. Dole a buɗe ƙofofi biyu a na'urar wifi, lamba 80 da 443, sannan a samu adireshin da duniya za ta iya iskowa. To, galibin layukan salula na haɗa dubban mutane ne a kan adireshi guda, kamar gidan haya mai lamba ɗaya, baƙo ba zai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Sai an nemi adireshi na musamman wajen kamfanin sadarwa, ko a bi ta wata hanyar da ke ratsa na'urar wani kamfani.

Ga kuma wuta. Akwatin ba ya cin lantarki sosai, amma ɗaukewar wuta ba zato na iya lalata faifan ajiya, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Batir ko farantin hasken rana ya zama dole.

Babban haɗarin shi ne ɓarayin intanet. A watan Yunin 2021 an goge bayanan masu My Book Live na Western Digital daga nesa, a 2022 kuma manhajar DeadBolt ta kulle fayilolin masu QNAP tana neman fansa. Wanda ya ajiye takardun fili ko hotunan iyali a akwatin da ya buɗe wa duniya, ya tabbata yana da wani kwafi a faifan da ba ya jone da komai.