Ina Ungulu Ta Tafi?

'Yan'uwa manoma, a da babu mahautar da mutum zai je bai tarar da ungulaye jere a kan itatuwa ba. Yau a garuruwanmu da yawa yaro yakan girma bai taɓa ganin ungulu ba, sai dai ya ji sunanta cikin karin magana. A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, watau IUCN, ta sa ungulun nan tamu ta gida cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Wani zai ce, ina ruwanmu da ƙazamar tsuntsuwa? Ai ƙazantarmu ce take kwashewa. Idan jaki ya mutu a bayan gari, ungulaye sukan cinye mushen tun bai yi wari ba. Ruwan cikinsu yana da ƙarfi ƙwarai, yana kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. In babu su, mushe ya zama na ƙudaje da karnuka.

Mu dubi abin da ya sami Indiya. Daga wajen 1990 ungulayensu suka riƙa mutuwa, gama suna cin mushen shanun da aka yi wa allurar wani magani mai suna diclofenac. Fiye da 90 cikin 100 suka hallaka. Karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙara addabar mutane. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan Afirka ta Yamma abin da ya fi cin su shi ne guba da farauta, domin akwai masu sayen kawunansu don tsafi da magani. A ƙasar Gini Bisau, a 2020, an kashe fiye da 2,000 da guba. Ga shi kuwa ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, saboda haka abin da aka kashe a rana ɗaya sai an yi shekaru ba a mayar da shi ba.

To, me ƙungiyoyinmu na gama kai za su yi?

Kada mu barbaɗa maganin ƙwari a mushe don kashe kare ko dila. Mushe ɗaya mai guba yana iya gamawa da ungulayen gunduma.

A kulle maganin gona a sito, magatakarda ya riƙa rubuta wanda ya karɓa.

Dabbar da ta mutu tana kan magani, a binne ta da zurfi.

A bar dogayen itatuwa irin su rimi da giginya, gama a nan take sheƙa.

Idan akwai sheƙa a ƙauyenku, ku faɗa wa mai unguwa da matasa su sa ido. Lalle ku kawo wannan magana a taronku na wata mai zuwa.